Kafin a Kafa Rumbu: Yadda Aka Sha Auna Ƙasar Kudancin Kano

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin cefane ya riƙa cinye albashi tun wata bai raba ba, sai wata tsohuwar magana ta dawo bakin ma'aikata a birnin Kano. Malamin jami'ar da ritaya ta matso masa, da likitar da ta gaji da zaman haya, da ma'aikacin bankin da ya tara ɗan abin da ya tara, kowa na zancen sayen gona a ƙauye: ya gina ɗan gida, ya haƙa rijiya, ya ajiye awaki da kaji, ya ci abin da ya noma. Idan aka tambayi a ina, yawanci kudu ake nunawa, wajen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, inda ruwan sama ya fi yawa, mutane kuma ba su cunkushe kamar kewayen birni ba.

Abin da ake shirin zubawa ba ƙarami ba ne. Sau da yawa kuɗin sallama ne na aikin shekara 35, kuma wanda ya binne su a gonar da ba ta karɓe shi ba da wuya ya sake samun damar gwaji. Saboda haka yana da amfani a san cewa wannan ƙasa an sha auna ta. A cikin shekara 200 da suka wuce, fatake sun auna ta, sarakuna sun auna ta, likitocin Turawa da injiniyoyin madatsar ruwa da jami'an gandun daji duk sun auna ta, kowa da ma'auninsa. Abin da suka gano, da inda suka yi kuskure, yana nan a rubuce a takarda da kuma a jikin ƙasar.

Abin da ƙasa ta tanada

Bebeji da Ƙiru suna gefen hanyar Kano zuwa Zariya, Tudun Wada na kudu da su, Doguwa kuwa ita ce wutsiyar jihar, ta kutsa tsakanin Kaduna da Bauchi. Duk taku zuwa kudu ruwa ƙaruwa yake. Birnin Kano kan samu milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, amma a duwatsun Riruwai, hedikwatar Doguwa, ruwan kan haura milimita 1,000. Damina kan riga sauka a can, ta kuma jinkirta ɗaukewa, kuma waɗannan 'yan makonni na ƙari su ke raba gonar da masara za ta nuna da wadda sai gero. Itatuwa ma shaida ne: matafiyi zai ga ɗorawa da kaɗanya suna ƙaruwa, har ya isa inda doka da maje suka yi duhu.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙiru mutum kusan 265,000 a kan murabba'in kilomita 927, Bebeji kusan 189,000 a kan 717, Tudun Wada kusan 232,000 a kan 1,204, Doguwa kuma kusan 151,000 a kan 1,473. Wato a wancan lokaci kowane murabba'in kilomita na Ƙiru yana ɗauke da mutum kusan 285, na Doguwa kuwa ɗari da 'yan kai. Wannan lissafi kan yaudari mai neman fili. Babban yanki na Doguwa da Tudun Wada dajin gwamnati ne da duwatsu, ba a noma su, kuma jama'a ta ƙaru sosai tun bayan ƙidayar. Ƙasar da garma ke iya shiga tana da masu ita.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba ya bin na sama. Yankin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, ruwa na taruwa a cikin tsagoginsa da kuma inda ya ruɓe, saɓanin ƙasar Haɗejiya mai yashi da ke riƙe ruwa a shimfiɗe. Shi ya sa rijiyar burtsatse za ta kawo ruwa a wannan gona, a tona wata a gonar maƙwabci a tarar da ƙura. Manoman wurin sun san rijiya da watan Afrilu ake gwada ta. Sun kuma san bambancin jigawa mai rairayi, da jangargari mai son taki, da fadama mai laka, da faƙo wanda ko ciyawa ƙinsa take, alhali dukansu a watan Agusta kore suke yi wa baƙo.

Ganuwa kafin gona

A watan Yuli 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa Bebeji a hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. Ya tarar da gari mai ganuwa, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 25,000, ya kuma lura cewa da yawansu 'yan kasuwa ne masu asali daga wasu ƙasashe, musamman Borno. Bebeji zango ce a kan hanyar fatake, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin mazaunan Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan madugai. Waɗannan gidaje suna noma, suna da gandaye da bayi, amma arzikinsu a kan hanya yake. Sun zaɓi Bebeji ne domin tana da ganuwa, tana kan hanya, ga kuma kiwo da ruwa ga jakuna a lokacin da ayari ke hutawa.

Can kudu da gabas labarin ya sha bamban. Wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano, bayan saɓani da hukuma kan kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen dutsen. Daga nan har zuwan Turawa, fiye da shekara hamsin, Ningawa suna kai hari kudancin Kano da Zazzau da Bauchi, suna kwashe mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya shafe shekaru yana fama da Ɗan Maje na Ningi ba tare da ya kashe wutar ba. Maganin da aka samu shi ne ribaɗi: a tara mutane a garuruwa masu ganuwa ko kafi, a sa musu jarumi, su yi noma iya inda za su iya gudowa gida idan an buga kuge. Sunaye irin su Kafin Maiyaƙi a Ƙiru suna tuna zamanin da shinge ke zuwa kafin shuka.

Hatta masu arzikin ƙasa ba su tsira ba. Riruwai ta daɗe da suna wajen kuza. Maƙera na narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni masu nisa. Rashin tsaro na ƙarni na 19 ya sa da yawa daga cikin masu wannan sana'a suka koma Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi, suka bar ma'adinin a inda yake.

Sakamakon haka shi ne wani abu mai kama da juyin waina. Ƙasar da ta fi ruwa da ni'ima ta zauna da mutane jefi-jefi, ta koma daji, yayin da kewayen birnin Kano, mai ƙarancin ruwa, ya cika maƙil, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana ɗauko mata taki daga birni a kan jakuna. Manomin wancan zamani ya auna, ya ga gara ƙasa mai wuya a inuwar ganuwa da fadama mai kyau a bakin hari. Ganuwar ma ba kullum take tsarewa ba. Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 ya ritsa da Bebeji, sannan ranar 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofar garin da igwa, aka kashe sarkin garin, kwana biyu kafin a ci Kano.

Daji ya buɗe, ƙuda ya tare

Da hare-hare suka tsaya, sai mutane suka fara fita daga ganuwa. Ƙanin da gadon gona bai ishe shi ba, da bawan da ya samu kansa, da wanda yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta koro daga arewa, duk suka nufi dajin kudu da gatari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layinsa ya bi ta ƙasar Ƙiru, gyaɗa ta samu kasuwa. Harajin Turawa kuma da tsabar kuɗi ake biya, don haka ko wanda rumbunsa ya cika dole ya noma abin sayarwa. Wannan shi ne zamanin da ya fi kama da mafarkin ma'aikacin yau: mutum ya sari daji, ya kafa gida shi da iyalinsa, nesa da hayaniya.

Sai dai masu saran dajin suna bin ruwa ne, suna kafa 'yan unguwanni a bakin rafuka masu kurmi, kuma nan ne gidan ƙudan tsando. A shekarun 1920 da 1930 ciwon barci ya bazu a wannan sashe na Arewa, sammore kuma yana kashe shanu da dawaki. Amsar da gwamnatin mulkin mallaka ta bayar ta fi fitowa fili a Anchau, cikin ƙasar Zazzau, maƙwabciyar wannan yanki ta yamma. Daga wajen 1937 aka ware wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka tashi kimanin mutum 5,000 daga ƙananan unguwanni zuwa sababbin ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Wannan shi ne karo na farko da aka auna ƙasar wannan shiyya da takarda da alƙalami domin zaman manomi. Masanin ƙwari T. A. M. Nash, wanda ya jagoranci aikin, ya kai ga wani lissafi da har yau yake da ma'ana: idan mutane ba su kai kusan 70 a kowane murabba'in mil ba, ba su da hannun da zai riƙa sare kurmin rafi kowace shekara, daji zai dawo, ƙuda ya biyo shi. Wato gida ɗaya tilo a tsakiyar daji ba ya iya kare kansa daga cuta, komai ƙwazon maigidan. Aikin yana da nasa laifin, domin da umarni aka yi shi. Masanin zamantakewa Horace Miner, da ya je wurin a ƙarshen shekarun 1950, ya tarar cewa mutane suna saran rafi ne don hakimi ya ce a yi, ba don sun gamsu cewa ƙuda ke kawo ciwon ba. Ciwon barci ya ja baya tun tuni, amma dokar da Nash ya gano tana aiki a kan hanya da asibiti da makaranta da tsaro: dukansu sai an kai wani adadi na maƙwabta suke samuwa.

Zamanin injiniyoyi

Ma'auni na gaba ya zo da Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975. Shi ya kalli kudancin jihar a matsayin tulun da za a tara ruwa a shayar da sauran. Aka fara da madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa, sannan aka gina ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a daidai shekarun da fari ya addabi Arewa. Tafkin Tiga ya rufe kusan murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda kashin farko na aikin ya nufi hekta 22,000, da shi kuma birnin Kano ke samun wani kaso na ruwan sha. Shinkafa da tumatir da alkamar da suka fito daga nan sun ciyar da miliyoyi.

Amma ruwan ya kwanta ne a kan gonakin wasu. Fiye da mutum 10,000 aka tasa domin tafkin. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a wurin a shekarun 1970, ta nuna cewa waɗanda aka tasa sun rasa fadamunsu, an mayar da su kan tudu mai ƙarancin albarka, diyyar ba ta sayi kwatankwacin abin da aka karɓe ba, wasu ma sun bar yankin ɗungurungum. A cikin filin noman ranin kuma, ƙaramin manomin da ba shi da kuɗin taki da ƙwadago ya riƙa ba da gonarsa haya ko ya sayar wa mai hali, har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birni. Ke nan ɗan bokon da ke neman gona a wannan yanki ba baƙon abu ba ne ga mutanen wurin. Sun ga na gabansa, kuma ba duka ne suka bar suna mai kyau ba.

Madatsa ma tana da nata haɗarin. A watan Agusta 1988, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta Bagauda ta ɓalle, ta tafi da gidaje da gonaki da rayuka. Bayan wannan ne aka rage tsayin mazubar Tiga a 1992 don a sassauta mata nauyi, abin da ya rage ruwan da take riƙewa. Ruwan kwance da magudanan ban-ruwa kuma suna raya sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. A can ƙasa, a fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta suka dogara da ita ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya sayi gona don yana hango tafki daga tudunsa ya kamata ya san cewa ruwan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, kuma ganin ruwa daban, samun izinin jansa daban.

Dajin gwamnati da hanyar shanu

A ƙarshen shekarun 1940 Turawa suka keɓe dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mayar da shi wurin kare namun daji, shi ne Falgore na yau, mai faɗin da ya kusa murabba'in kilomita 1,000 a ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Ɗaya daga cikin dalilan riƙe shi shi ne kare mafarin kogin da ke cika Tiga, domin idan aka sare shi zaizaya za ta cika tafkin da yashi. Hanyar da ta nufi Saminaka da Jos ta cikinsa ta ratsa. A farkon shekarun 2010 dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya da garkuwa da mutane, har gwamnatin jiha ta shiga farautarsu a 2015, rundunar sojan ƙasa kuma ta mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017. Dajin da ya haɗa iyaka da ƙasar Ningi ya sake tuna wa mutane tambayar ƙarni na 19: idan an kawo hari da dare, wa zai ji kururuwa?

Akwai kuma masu haƙƙin da ba su da shinge. Shanun da ke gangarawa kudu da rani su hauro da damina sun daɗe suna bi ta wannan yanki, suna da burtali da mashaya da makiyaya da kowa ya sani. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi niyyar kare su, amma gonaki sun ci da yawa daga ciki. A 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke Ƙiru, da nufin a zaunar da su wuri guda da ruwa da makaranta. Filin da ya yi araha fiye da kima a irin wannan wuri, sau da yawa ko burtali ne aka yanka, ko gefen dajin gwamnati ne da babu wanda ke da ikon sayarwa. Inda kuwa aka zauna lafiya, makiyayi shi ne kamfanin takin manomi: ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi, su ci kara, su bar kashi.

Gona ta wa?

Tun daga dokar ƙasa ta 1910, da ta 1962 ta Jihar Arewa, har zuwa dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, hukuma ba ta taɓa yarda cewa mutum ya mallaki ƙasa kanta ba. Abin da yake da shi izinin zama ne da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da wannan izini, har zuwa hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, fiye da haka sai da amincewar gwamna. Gwamna kuma yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da aka gina ne ko aka shuka. Mutanen Tiga sun ɗanɗana irin wannan tun kafin dokar 1978.

Ƙarƙashin wannan doka akwai wata da ta girme ta. Gona a ƙauye tana zuwa hannun mutum ta gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina, kuma mai noma ta a bana ba lallai ne shi ke da ikon sayar da ita ba. Rigimar da ta fi yawa a kotunan karkara ita ce ta gonar gadon da ba a raba ba: ɗa ɗaya ya sayar, bayan shekara biyar ƙannensa mata da aka aurar a wasu garuruwa su zo neman rabonsu, shari'a kuma tana bayansu. Shi ya sa cinikin da bai bi ta hannun mai unguwa da dagaci ba, bai tara magada da maƙwabtan iyaka huɗu ba, takardarsa ba ta wuce takarda.

Lissafin rumbu

A bisa ƙiyasi, mutum ɗaya na cin hatsi kusan kilo 200 a shekara. Gida mai mutum goma ke nan yana buƙatar buhu 20 masu kilo 100. Matsakaicin abin da hekta ɗaya ta masara ke bayarwa a Najeriya bai cika wuce tan biyu ba, don haka a takarda hekta biyu ko uku za su ciyar da gidan, har a samu wajen wake da gyaɗa da dawa. A wannan ma'auni dukan ƙananan hukumomin huɗu sun ci jarrabawa. Doguwa ta yi suna da masara, Tudun Wadan Ɗankadai da shinkafa da masu sarrafa ta.

Sai dai masarar nan baƙuwa ce a manyan gonaki. Kafin tsakiyar shekarun 1970 a bayan gida ake shuka ta, a ci ɗanya kafin gero ya nuna. Sababbin iri da takin zamani mai rahusa, ta hanyar ayyuka irin na Funtuwa da ya fara a 1975 da hukumar KNARDA ta Kano a farkon shekarun 1980, su suka fitar da ita fili. Ba ta yi sai da taki, farashin taki da maganin ciyawa kuma yana bin dala. Inda ƙasa ta gaji, ƙuduji ke fitowa ya shanye dawa da masara. Manomin da ya bar dawa da gero ya rungumi masara ya ƙara yawan buhunansa, amma ya ɗaura rumbunsa a ƙafar kasuwar canji.

Sannan akwai batun hannu. Gidan da ya ciyar da kansa a da gandu ne: uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna aiki a gona ɗaya, kowa na da gayaunarsa ta yamma, idan aiki ya yi yawa a kira gayya. Ma'aikacin da ya yi ritaya ba shi da gandu, 'ya'yansa suna makaranta ko suna Abuja. Sharar gona da huɗa da noman farko da maimai da girbi duk da kuɗin ƙwadago zai yi su, wato gonar za ta rayu ne da fanshonsa kafin shi ya rayu da ita. Ko a zamanin gandun ma, binciken Polly Hill a Batagarawa a 1967 da Ɗorayi a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa kusan kowane magidanci yana da wata sana'a bayan noma, kuma masu ƙaramin ƙarfi kan sayar da hatsi da kaka da araha, su saye shi da tsada da damina. Gishiri da kanwa da tufafi da ƙarfen fartanya kuwa tun fil azal daga kasuwa suke zuwa.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai ya faru ba. A 1862 Amurka ta yi dokar da ta ba duk wanda ya zauna shekara biyar a fili yana noma shi eka 160, kusan hekta 65, a ƙasar da aka ƙwace daga mutanenta na asali. A 1878 John Wesley Powell ya gargaɗi gwamnati cewa a yammacin ƙasar mai ƙarancin ruwa wannan awo ba zai riƙe iyali ba, sai an tsara zama bisa ruwa, jama'a kuma su haɗa kai wajen rabonsa. Ba a saurare shi ba, kuma fiye da rabin waɗanda suka nemi filayen ba su kai ga samun takardar mallaka ta wannan hanya ba.

Abin da tarihin ya bari

Idan aka jera ma'aunan nan, kowace ƙaramar hukuma tana da abin da take bayarwa da abin da take karɓa. Bebeji da Ƙiru suna kusa da babbar hanya da kasuwa da asibitocin birni, amma mutane sun yi yawa, gona ta yi tsada, kuma wadda aka daɗe ana nomawa sai da taki mai yawa. Tudun Wada tana da fadama da kasuwar shinkafa da ruwan da ya fi na arewacinta. Doguwa ta fi kowa ruwan sama da sarari, ita ce kuma ta fi nisa daga likita, ta fi kusa da daji, kuma a wasu wurarenta tsofaffin ramukan kuza da masu haƙar ma'adinai na yau suna gogayya da garma.

Jerin tambayoyin da mazauna suka bi, bayan sun sha wuya, ya saɓa da wanda mai saye daga birni kan bi. Shi yakan fara da kyan ƙasa da farashi. Su kuwa sun fara da kwanciyar hankali da dare, sai ruwan sha da bazara, sai lafiya da nisan magani, sai tabbacin wanda ke da ikon ba da gonar, sai hanyar da za ta kai buhu kasuwa a watan Agusta, sannan a zo kan ƙasa.

Al'ada ma ta tanadi hanyar gwaji mai rahusa. Baƙon da ya zo neman wurin zama a da ba ya fara da saye. Yakan sauka a wajen mai unguwa, a ba shi masauki, a ba shi aron saura ya noma. Ya yi damina ɗaya ko biyu, ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda shanu ke bi, ya sha rijiyar a watan da ta fi ƙasa, ya je jana'iza da suna, mutane su san halinsa shi ma ya san nasu, domin da ɗan gari akan ci gari. Idan wuri ya karɓe shi, sai a nuna masa inda zai kafa rumbu da ɗaki. Idan bai karɓe shi ba, ya mayar da gonar aro, ya yi sallama, asararsa ba ta wuce iri da wahalar shekara guda ba. Aro da hayar gona suna nan har yau a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma kuɗin hayar shekara biyu bai kama ƙafar kuɗin sallamar aikin shekara 35 ba.